Nas Marar Kati

Wasiƙar ta shigo wayar Emilia ranar wata Talata, tana tsaye a ɗakin masu haihuwa tana wanke hannu. Wani asibiti a Ingila ya ɗauke ta aikin nas, kuma an yarda ta zo da 'yarta Milka mai shekara bakwai. Sati goma aka ba ta ta isa. A ƙasan wasiƙar akwai jerin takardun da za ta haɗa, duk ta san inda za ta same su, ban da guda ɗaya: amincewar uban yarinya, da sa hannunsa. In babu wannan, to sai takardar kotu da ke cewa riƙon yarinya a hannun uwa kaɗai yake.

Abokan aikinta na ta rungumarta suna yi wa Allah godiya, ita kuwa hankalinta na kan takardar nan guda ɗaya. Ta san hannun da ake so ya riƙe biro ya sa suna. Duk Kafanchan babu wanda ya san hannun nan kamar ita.

Mijinta Ezekiyel mutumin Kwoi ne, sarin busasshiyar citta yake yi yana lodi zuwa Kano da Legas. A waje ba ka taɓa ganin mutumin kirki irinsa ba. Shi ke ɗauko tsofaffi a babur ranar Lahadi ya kai su majami'a, shi ke fara zuwa gidan makoki da kujeru. Sai an rufe ƙofar gida ake ganin ɗayan Ezekiyel ɗin, kuma mutum biyu ne kawai ke ganinsa.

Ta jira har Asabar. Ta yi masa faten acca da rana, irin wanda yake so, ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta ajiye fom ɗin a gefen kwano. Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya ture shi.

“Ki tafi,” ya ce. “Wa ya hana ki? Amma Milka na gidan mu ne. Tana nan.”

“Baban Milka, wa zai lura da ita? Kai kullum kana hanya.”

“Mama na nan. In kin tafi da ita, me zai dawo da ke?”

Da ta yi shiru a nan, wataƙila da ranar ta wuce lafiya. Amma maganar ta riga ta hau bakinta. Ta ce, “Yarinyar nan ba ɗan akuya ba ce da za ka ɗaure don uwar ta dawo gida.”

Da kwanon da ya gama ci ya buge ta. Bakin kwanon ya tsaga mata gira, ta faɗa kan kujera, ya bi ta da mari har sai da hannunsa ya gaji. Ya wanke hannu a bokiti, ya hau babur ya fita. Emilia ta tashi ta yi abin da ta saba yi shekara bakwai. Ta jawo ƙaramar jaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da auduga da zare da allura, ta kira Milka daga bayan ƙofa ta riƙe mata madubi. Ɗinki uku ta yi wa kanta, ƙanana, a jere, aikin da ko likita zai yaba. Ranar Litinin ta ce wa abokan aiki ƙofar kabad ce.

Uwar mijin, Mama Edna, ta zo ta duba girar ta girgiza kai.

“Citta ne, ɗiya na,” ta ce. “Tun da cuta ya cinye citta, zuciyan yaron nan bai zauna ba. Ki yi haƙuri. Allah ya taimake ki ma, ke nas ne, kin san yadda za ki gyara kan ki.”

Gaskiya ne cuta ta cinye gonakin citta daga Kwoi har Kachia, mutane da yawa sun yi kuka. Sai dai dukan da Emilia ke sha ya girmi cutar citta da shekara biyar, kuma Mama Edna ta san haka. Kafin citta, tsadar mai ce. Kafin tsadar mai, rashin ɗa namiji ne. Tsohuwar nan ba ta taɓa rasa abin da za ta ɗora wa laifi ba, muddin ba ɗanta ba ne.

Emilia ta kai kuka wurin Baba Zamani, ƙanen uban Ezekiyel, wanda kuma dattijo ne a ikilisiyarsu. Ya saurare ta yana ɓare gyaɗa a ƙarƙashin mangwaro.

“Matsalan ku masu karatu ke nan,” ya ce. “Kin kai ma namiji takarda kaman kina ba shi oda. Ki koma ki durƙusa, ki roƙe shi da ladabi. Ni na san yaro na, yana da zafi amma ba shi da mugunta.”

Ta koma ta durƙusa. Ta buga sabon fom, ta riƙe shi da hannu biyu a tsakar ɗaki, gwiwoyinta a kan siminti. Ezekiyel ya dube ta daga sama ya ce ashe har ta fara yawo da sunansa a gari. Durƙuson ya sauƙaƙa masa aiki, bai ma sunkuya ba. Da takalmi ya haure ta a haƙarƙari sau biyu, ya yayyaga fom ɗin ya watsa mata a kai. Kwana goma ba ta iya tari ba sai ta dafe bango. Ta naɗe ƙirjinta da bandeji a ƙarƙashin farar riga, ta ci gaba da karɓar haihuwa.

A kwanakin nan ta fara tunanin tafiya ita kaɗai. Ta ce wa ranta shekara ɗaya ce kawai, in ta zauna da ƙafafunta sai ta dawo ta ɗauki yarinyar. Tunanin bai yi sati ba ya mutu. Wata Laraba Milka ta dawo daga makaranta da murna, ta tarar da ubanta yana auna buhunan citta a tsakar gida, ta ce, “Baba, antinmu ta aji ta ce a Ingila ruwan sama yana zama ƙanƙara.” Abin da ta faɗa ke nan. Ya zare wayar caji daga bango ya zane ta tun daga cinya har idon sawu, yana tambayarta wa ya ce mata za ta Ingila. Emilia ta dawo daga aiki da la'asar ta same ta a bayan randa, ta yi fitsari a wando, ba ta ko kuka.

Ta ɗauke ta ta wanke ta, ta shafa mata magani, ta sa mata doguwar safa har gwiwa don kada malamai su gani. Hannunta na aiki, hawayenta na zuba. Ranar ta gane cewa in ta bar gidan nan, ba a kan kujera za a riƙa sauke fushin ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji don kanta ba.

Shugabar ɗakinsu a asibiti ita ce Sista Obianuju, da kowa ke kira Sista Uju. Ubanta direban jirgin ƙasa ne da ya zo daga gabas, a Kafanchan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta ja Emilia ɗakin ajiyar magani ta rufe ƙofa.

“Shekara nawa kina gaya mini kabad?” ta ce. “Kabad ɗin gidanku yana da ƙafa ne? Gobe ki je wurin ƙanena Ambrose, lauya ne. Ki gaya masa abin da ba ki gaya mini ba.”

Barista Ambrose ya ba ta kujera, ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama, ya jawo takarda ya ce kotu na iya ba ta riƙon yarinya in aka nuna gidan yana da haɗari. Sannan ya fara tambaya.

“Katin asibiti na ranar da ya fasa miki gira, yana ina?”

“Babu kati. Ni na ɗinke.”

“Na haƙarƙarin fa? Hoton ƙashi?”

“Ni na ɗaure.”

“Rahoton 'yan sanda? Hoto a waya? Yarinyar, wa ya duba ta?”

“Ni ce.”

Ya ajiye biro. “Shekara bakwai, Madam, ko kati ɗaya?”

Yaya za ta yi ta shiga layi a asibitin da take aiki, ta miƙa fuska ga ɗaliban da ita ke koya musu ɗinki? Kunya ce ta hana ta, sai kuma iya aiki. Wata matar da ba ta san komai ba, da tuni tana da fayil mai kauri.

“Kin yi aiki mai kyau har kin goge shaidarki,” in ji Barista. “Tabon nan, lauyansa zai ce kabad ne, kuma zai kawo abokan aikinki su ce daga bakinki suka ji. Danginsa ba za su yi magana ba. Ki ji ni da kyau, ban ce ki je ki nemo duka ba, Allah ya kiyaye. Amma in ya sake, kada ki taɓa ciwon. Ki je asibiti kamar kowa.”

Saura sati huɗu. Emilia ta lissafa kwanakin kotu da na biza, ta ga ba ta da lokacin jiran ranar da Ezekiyel zai ga dama.

Ranar Juma'a ta sa Milka a mota ta kai ta Kagoma wurin yayarta, ta ce hutun ƙarshen mako ne. Ta dawo ta bi gidan ɗaki ɗaki. Ta kai taɓarya gidan maƙwabta da sunan aro, ta ɓoye adda da wuƙaƙen tsaga citta a akurkin kaji. Jakar nan ta ƙarƙashin gado, ta kai wa Sista Uju ta ce ta ajiye mata, don ta san halin hannunta. Asabar da safe ta cire 'yan kunne, ta tufke gashinta tamau, ba ta ci komai ba saboda ko za a shiga da ita tiyata. Mace mai ilimi, mai aikin gwamnati, tana shirya wa duka kamar yadda ake shirya majiyyaci, a garin da ke da majami'a a kowane layi. Abin takaici ne, kuma ya kamata ya zama abin kunya ga kowa.

Ezekiyel na goge babur a tsakar gida. Ta tsaya nesa kaɗan da shi, kusa da ƙofar fita.

“Baban Milka, Litinin zan kai ka kotu. Zan tafi da 'yata.”

Ya miƙe a hankali. Naushin farko ta zata shi, ta juya masa gefen fuska. Na biyu ya fasa mata leɓe. Ya shaƙe ta ya haɗa kanta da bango, ya ja ta a ƙasa har bakin kicin, yana cewa shi za ta tona wa asiri, shi da ya ɗauko ta daga ƙauye. Tana jin duk inda ya taɓa tana ajiyewa a ranta, kamar mai rubuta rahoto. A gidan da ke jikin nasu, wani ya ƙara muryar rediyo.

Abu ɗaya ta manta. A ƙofar kicin akwai guntun ƙarfen layin dogo da suke tokare ƙofa da shi, irin wanda ba ka rasawa a tsofaffin gidajen Kafanchan. Kullum tana tsallake shi har ta daina ganinsa. Ta ga ya sunkuya, ta ga ƙarfen ya yi sama daidai kanta. Ta ɗaga hannun hagu ta tare. Ƙarar da ƙashin ya yi, ta sha jin irinta a ɗakin haɗari, ba ta taɓa jin ta daga cikin jikinta ba. Ƙarfen ya zame ya tsaga mata goshi, jini ya rufe mata ido.

Ya tsaya yana haki, ya dubi hannun da ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ya yar da ƙarfen.

“Je ki gyara kan ki,” ya ce. “Ba aikin ki ba ne?”

Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta lallaɓa ta tashi. Hannunta na dama ya kai kan goshi da kansa zai danne jinin. Ta janye shi, ta tallabi karyayyen da shi, ta fito titi a haka. Ƙarfe tara ne na safe, gari ya cika. Masu shago suka daina ciniki. Wata mata mai tuyar ƙosai ta kwance gyalenta ta ce, “Sista, rufe fuskan ki, mutane na kallo.” Emilia ta ce a bar su su kalla. Ta yi tafiya har bakin babban titi kafin ƙafafunta su ƙi, wani ɗan acaɓa ya ɗauke ta a hankali zuwa asibiti.

A tagar kati, ma'aikacin da suka yi shekara goma tare ya miƙe tsaye.

“Sista Emilia, haɗari ne? Shigo ta baya, ba sai kin...”

“Buɗe mini kati,” ta ce. “Sabo. Da sunana cikakke.”

“Me zan ce ya faru?”

“Ka ce mijina.”

Sista Uju ta zo da gudu. Ta hana kowa wanke jinin sai da ta ɗauki hoto ta kowane gefe, tana ɗauka tana zagi da harshen iyayenta. Likita ya rubuta shafi uku: ƙasusuwa biyu na hannu sun karye, ɗinki tara a goshi, shatin yatsu a wuya, da tsofaffin karaya biyu a haƙarƙari da suka warke babu wanda ya taɓa rubuta su. 'Yan sanda suka zo suka ɗauki bayani tana kwance a gadon da ta saba kwantar da wasu.

Da yamma Baba Zamani da Mama Edna suka iso. Ba hannun suka fara tambaya ba.

“Ɗiya na, me ya sa kin fita haka a titi?” in ji Mama Edna. “Ke da kin iya abin nan a gida.”

Baba Zamani ya ce a janye magana daga wurin hukuma, a dawo da ita gaban dattawa, don ba kyau mai bin Almasihu ya kai ɗan'uwansa kotu. Emilia ta juya fuska bango. Sista Uju ta ce lokacin ziyara ya ƙare, ko da yake saura awa guda.

Shari'ar ba ta ja ba. Alƙali ya duba hotuna, ya karanta shafi ukun nan, ya tambayi Ezekiyel ko yana da abin cewa. Ya ce sharrin Shaiɗan ne da lalacewar citta. Aka ba Emilia riƙon Milka, da izinin fita da ita. Asibitin Ingila ya ƙara mata wata biyu bayan Sista Uju ta rubuta musu. An sa mata ƙarfe a hannu, likita ya ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba za su ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Abin da takardar ta ci ke nan. Barista Ambrose ya ce ta yi sa'a, kuma gaskiya ya faɗa, don da hannun bai tare ba, da kanta ƙarfen zai samu.

Lahadin ƙarshe ta ce sai ta je sujada. Shekara tara tana waƙa a cikin Zumuntar Mata, tana so a yi mata addu'ar tafiya kamar yadda ake yi wa kowa. Motar da za ta kai su Abuja na jira a bakin hanya da akwatunansu. Ta zauna a cikin mata, hannu rataye a wuya, Milka a gefenta.

Bayan wa'azi, Baba Zamani ya hau ya karanta shawarar dattawa. An sa ɗan'uwa Ezekiyel a ƙarƙashin horo na wata uku saboda rashin kame fushi. An sa 'yar'uwa Emilia a ƙarƙashin horo na wata shida saboda kai ɗan'uwa mai bi gaban kotu ba da iznin ikilisiya ba, da jawo wa sunan Ubangiji zargi a titi. Dukansu za su koma bencin baya, ba za su ci jibin Ubangiji ba har su nuna tuba.

Emilia ta bi jama'ar da kallo. A cikin mutanen nan akwai maƙwabcin nan mai rediyo. Akwai matan da suka sha ganin ta da kumburin ido suka ce mata kwalliya ta yi kyau. Akwai malamar da ta ga doguwar safa a ƙafar yarinya cikin zafin rana ba ta tambaya ba. Shekara bakwai duk sun sani, babu wanda ya ga laifi sai ranar da jinin ya fito waje.

Bencin horo guda ɗaya ne a majami'ar. Ezekiyel ya riga ya je ya zauna, kai a sunkuye, ya bar mata wuri a gefensa. Mama Edna ta matso ta kama kafaɗar Milka tana raɗa, “Je ki zauna a tsakanin su, ki haɗa iyayen ki.”

Emilia ta miƙe. Ta cire hannun tsohuwar daga kafaɗar yarinyar, ta kama Milka da hannunta mai lafiya, suka bi tsakiyar majami'a zuwa baya. Baba Zamani ya gyaɗa kai, ya zaci biyayya ce. Suka iso daidai bencin, Ezekiyel ya ƙara matsawa. Ba su tsaya ba. Suka wuce shi, suka fita ta babbar ƙofa, rana ta dake su a fuska.

Sai da direba ya tayar da mota, majami'ar ta fara nisa, Milka ta daina waiwaye. Ta matso jikin uwarta, ta yi magana ƙasa ƙasa kamar yadda ta saba yi a gida.

“Mama, Baba zai biyo mu can?”

Emilia ta gyara mata zama a kan kujera.

“Ba zai iya ba,” ta ce. “Ba shi da takarda.”